Akwatin Koyon Tuƙi da Yaƙin Sama na Gaskiya



A 1929 ne wani Ba'amurke, Edwin Link, ya ƙera akwati mai siffar mazaunin matuƙin jirgin sama, wanda ke karkata bisa zugazugi. Jikokin wannan akwati na yau kwamfuta ke tafiyar da su, kuma lalle sun cancanci yabo. A cikinsu mai koyo zai saba da agogunan jirgi, ya ga injinsa ya mutu sau ɗari, bai ƙona ko ɗigon mai ba.

Amma fa ido da hannu kaɗai akwatin ke horarwa. Idan jirgin yaƙi ya yi kwana da ƙarfi yana neman bayan abokin gaba, nauyin jikin matuƙi yakan ninku, har sau tara a wasu jiragen. Jini sai ya gangara ƙafafu, gani ya dushe, wani ma ya suma. Akwatin da ke kafe a ƙasa ba shi da ikon danne mutum haka. Balle tsoro: wanda aka harbo a ɗakin koyo, miƙewa zai yi ya tafi cin abinci. Amurkawa sun lura a yaƙin Biyetnam cewa fita goma ta farko ita ta fi cin matuƙa, don haka a 1975 suka soma atisayen Red Flag da jirage na gaskiya.

Mu nan kuwa bambancin ya wuce haka, domin a saman dajin Kamuku na Birnin Gwari da Kuyambana ba jirgi da jirgi ne suka kara ba. Abokin gaba yana ƙarƙashin itatuwa, kusa da ƙauyuka. A allon koyo an riga an tantance maƙiyi. A daji kuwa, daga sama, ayarin masu komawa daga gona da na ɓarayi duk ƙura ɗaya suke tayarwa. A ganina wannan shi ne giɓi mafi haɗari.

Ranar 18 ga Yuli, 2021, 'yan bindiga suka harbo jirgin Alpha Jet na Mayaƙan Saman Nijeriya yana dawowa daga farmaki a iyakar Zamfara da Kaduna. Matuƙinsa, Abayomi Dairo, ya diro da laima. Daga nan ba sauran agogo ko sitiyari: duhun dare ya fake da shi, wayar hannu ta nuna masa hanya, har ya iso wurin sojan ƙasa.