'Yan Sandan Faransa Da Yahudawan Paris: Shari'ar Da Ta Makara

Da asubahin ranar 16 ga watan Yuli, 1942, aka shiga ƙwanƙwasa ƙofofin gidajen Yahudawa a birnin Paris. A lokacin birnin yana hannun Jamus, amma masu ƙwanƙwasawar ba sojan Hitler ba ne. 'Yan sandan Faransa ne, cikin kayan sarki, riƙe da jerin sunaye. Cikin 'yan kwanaki suka kama mutum 13,152, yara 4,115 daga cikinsu.

Aka zuba masu iyali, su fiye da 8,000, a wani rufaffen filin tseren keke, watau Vélodrome d'Hiver, inda suka kwana biyar babu isasshen ruwa ko abinci. Daga nan aka kai su sansanoni, aka raba uwaye da 'ya'yansu, aka yi ta lodinsu a taragon jirgin ƙasa zuwa Auschwitz. Ƙalilan ne suka komo.

Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Jamusawa ba su da isassun ma'aikatan wannan aika-aika, sai René Bousquet, shugaban 'yan sandan gwamnatin Vichy, ya yarda mutanensa su yi musu.

To, da yaƙi ya ƙare fa? A 1949 kotu ta yanke wa Bousquet hukuncin tauye masa 'yancinsa na ɗan ƙasa har shekara biyar, nan take kuma ta ɗage, wai ya taimaki masu yaƙar mamaya. Ya koma harkar banki, ya ci gaba da hulɗa da manya. Sai a 1991 aka tuhume shi da laifin cin zarafin bil'adama, amma a 1993 wani ya bindige shi a gidansa kafin a zauna shari'a. Wakilinsa a Paris, Jean Leguay, shi ma ya mutu a 1989 ba a hukunta shi ba.

Maurice Papon, wanda ya sa hannu a takardun kwashe Yahudawan Bordeaux, har kujerar minista ya hau. Sai a 1998 aka yanke masa ɗaurin shekara goma, aka kuma sallame shi a 2002 saboda rashin lafiya.

Ita kuwa hukumar Faransa, sai bayan shekara 53, ranar 16 ga Yuli, 1995, ta amsa laifinta ta bakin Shugaba Jacques Chirac. Kafin ranar, yawancin waɗanda suka ba da umurnin kamun sun riga sun mutu, ba su amsa wa kowa tambaya a kan yaran nan ba.