Shin Yawan Talla Shaida Ce Ta Ingancin Fim?

KWANDERE, Lafiya — Duk lokacin da sabon fim zai fito, mai kallo a garin Kwandere da ke Ƙaramar Hukumar Lafiya ta Jihar Nasarawa yakan ci karo da tallansa tun kafin ya ga fim ɗin. A da fosta ce a bangon shagon kaset da waƙa a rediyo, yanzu kuwa gutsuren bidiyo ne a wayar hannu. Tambayar da ke gabansa dai ba ta sake ba, watau ko yawan kuɗin da aka zuba a talla yana nuna cewa fim ɗin yana da kyau. Masana tattalin arziki sun daɗe suna nazarin wannan batu, kuma amsarsu ita ce talla yana iya zama shaida, amma bisa wasu sharuɗɗa waɗanda ba kowane fim ne yake cika su ba.

Kwandere gari ne na Gwandara, waɗanda harshensu ya fi kowane harshe kusa da Hausa, kuma da Hausa ake yawancin ciniki a yankin Lafiya. Cibiyar shirya finafinan Hausa kuwa tana Kano, inda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya cikin 1990. Mai kallo a wannan nisa bai san masu shirya fim ba, bai kuma ga yadda aka yi aikin ba. Abin da yake sa wa a ciki shi ne kuɗin saye, ko na haya, ko na data, da kuma lokacinsa. Mai shago ya fi shi shiga hatsari, domin shi yakan saro kaya da yawa kafin jama'a su yanke hukunci a kansu.

Cikin 1970 wani masanin tattalin arziki na Amurka, Phillip Nelson, ya raba kayan sayarwa gida biyu. Akwai waɗanda mai saye yake iya tantance ingancinsu kafin ya biya, kamar doya ko atamfa. Akwai kuma waɗanda ba a sanin ingancinsu sai an yi amfani da su, kamar sabulu ko abincin gwangwani. Fim yana cikin kashi na biyu, saboda haka sayensa kusan cinikin biri a sama ne. A shekarar ce kuma George Akerlof ya nuna cewa idan mai sayarwa ya fi mai saye sanin kayan nesa ba kusa ba, kaya marasa kyau suna iya korar masu kyau daga kasuwa.

Cikin 1974 Nelson ya ƙara da cewa a irin waɗannan kayayyaki, maganar da ke cikin talla ba ita ce abin dubawa ba, tun da kowa yana iya yabon hajarsa. Abin dubawa shi ne kuɗin da aka kashe. Mai kaya masu kyau ya san cewa wanda ya saya sau ɗaya zai dawo, saboda haka zai mai da kuɗin tallansa sannu a hankali. Mai kaya marasa kyau kuwa ciniki ɗaya zai samu daga kowane mutum, wanda ba lalle ne ya isa biyan talla mai tsada ba. Paul Milgrom da John Roberts sun faɗaɗa wannan bayani cikin 1986. Ke nan sharuɗɗan biyu ne: dole tallan ya kasance mai tsada ƙwarai, kuma dole ribar mai kaya ta dogara ga dawowar mai saye.

A nan ne fim ya bambanta da sabulu. Yawancin mutane sau ɗaya suke biyan kuɗin fim guda. Abin da ke maye gurbin dawowar mai saye shi ne bakin jama'a, watau wanda ya kalla ya gaya wa wanda bai kalla ba. Saboda haka mutum biyu ne suke da dalilin yin talla mai yawa. Na farko shi ne wanda ya amince da aikinsa, yana son a yi saurin gani domin labari ya bazu. Na biyu shi ne wanda yake tsoron bakin jama'a, yana son ya kwashe kuɗinsa cikin makon farko kafin labari ya bazu. Daga waje, tallan mutanen biyu kama ɗaya yake.

Tarihin kasuwar finafinan Amurka yana ɗauke da misalin kowanne. Cikin 1975 kamfanin Universal ya kashe kimanin dala dubu 700 wajen tallan Jaws a talbijin, ya kuma sake shi a gidajen silima fiye da 400 a lokaci ɗaya. Fim ɗin ya karɓu, dabarar kuma ta zama abin koyi. Amma cikin 2012 kamfanin Disney ya ba da sanarwar cewa yana sa ran hasarar kimanin dala miliyan 200 a kan John Carter, duk da ɗimbin tallan da aka yi masa. A ɗaya ɓangaren, My Big Fat Greek Wedding na 2002, wanda aka shirya da kimanin dala miliyan 5 aka kuma fara nuna shi a gidaje ƙalilan, ya tara fiye da dala miliyan 360 a duniya, yawanci ta hanyar bakin jama'a. Bugu da ƙari, wani bincike da Alexander Brown da Colin Camerer da Dan Lovallo suka wallafa cikin 2012 ya gano cewa kamfanoni sukan hana masu sharhi ganin raunanan finafinai kafin ranar fitowa, kuma masu kallo da yawa ba sa gane ma'anar wannan ɓoyo.

A kasuwar Kano ta zamanin kaset, tsarin ciniki da kansa ya ƙara wa makon farko nauyi. Mai shirya fim yakan buga kwalayen kaset ya sayar wa dillalai a Bata da Ƙofar Wambai, su kuma su kwafi fim ɗin su sa a kwali su sayar. Samunsa ya dogara ne ga yawan kwalayen da dillalai suka karɓa, masu satar fasaha kuma ba sa jinkiri. Don haka wanda ake son burgewa da farko shi ne dillali, kuma abin da ya fi saurin burge shi shi ne waƙa da fuskar ɗan wasa sananne a kan kwali. Fim ɗin Sangaya na kamfanin Sarauniya, wanda ya fito cikin 1999, tallansa mai ɗauke da waƙa da rawa ya kama jama'a tun kafin fitowarsa, kuma ya yi kasuwa ƙwarai. Bayansa masu shirya fim da yawa sun mai da ƙarfinsu ga waƙar talla, ko da labarin bai kai ba.

Har ila yau, yawancin tallan wancan lokaci ba mai tsada ba ne. Tirelar da aka sa a farkon wani kaset ba ta cin kuɗi mai yawa, kuma daga mafi kyawun mintocin fim ake yanko ta. Bisa ma'aunin Nelson, irin wannan talla bai cika sharaɗin farko ba, domin mai kyakkyawan fim da mai raunanan fim duk suna iya yin sa.

Sai dai kuma kasuwar ta samar wa kanta wasu hanyoyin kariya. Raba fim zuwa kashi na ɗaya da na biyu, ko da yake masu kallo sun sha kuka da shi, ya dawo da sharaɗi na biyu, saboda wanda kashi na ɗaya ya ɓata wa rai ba zai sayi na biyu ba. Sunan kamfani da na darekta su ma jari ne, domin wanda ya yaudari jama'a da fim ɗaya zai biya bashin a fim na gaba. Haka nan mujallar Tauraruwa da ta fara fita cikin 1998, da mujallar Fim da Ibrahim Sheme ya kafa cikin 1999, sun buɗe wa masu kallo wata kafar samun labari wadda ba kwali ba ce.

Bayan da kaset da faifai suka ja baya, lissafin ya sake sauyawa. Tashar Arewa24 ta fara aiki cikin 2014, kuma cikin 2020 shirye-shirye masu dogon zango irin su Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad suka ja ɗimbin masu kallo a YouTube. A wannan tsari mai shiri yana samun kuɗi ne idan mai kallo ya dawo mako bayan mako, saboda haka zuba kuɗi a tallan shirin da ba zai riƙe jama'a ba hasara ce a fili. A gidajen silima kuwa, A Tribe Called Judah na Funke Akindele, wanda ya fito cikin Disamba 2023 da talla mai yawan gaske, ya zama fim ɗin Nijeriya na farko da ya haye Naira biliyan 1. Tallan ne ya cika kujeru a kwanakin farko, amma ci gaba da cikarsu na makonni aikin bakin jama'a ne.

Akwai wani abu da bai kamata a rikita da inganci ba, watau takardar tacewa. Hukumar Tace Finafinai ta Ƙasa, wadda aka kafa da Doka ta 85 ta 1993, da takwararta ta Jihar Kano da aka kafa cikin 2001, suna duba ko fim ya keta doka ko tarbiyya ne. Ba aikinsu ba ne su tabbatar cewa labarin yana da ma'ana.

Abin da za a iya fahimta daga wannan duka shi ne, yawan talla yana nuna yawan cinikin da mai fim yake sa rai, da kuma girman jarin da yake son ya mayar. Ba ya nuna inganci kai tsaye. Mai kallo ko mai shago a Kwandere zai fi samun haske idan ya duba abubuwa huɗu: ayyukan da kamfanin da darektan suka yi a baya, ko an bar wasu sun ga fim ɗin kafin ranar fitowa, ko tallan yana nuna labari ne ko kuwa waƙa da fuskoki kawai, da kuma ko ana ci gaba da maganar fim ɗin a mako na biyu da na uku. Wanda ya iya haƙurin mako guda zai samu shaidar waɗanda suka riga shi kallo ba tare da ya biya ko kwabo ba. Hausawa dai sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.