Idan Ruwan Rijiya Ya Fara Warin Fetur

'Yan'uwa, a kan hanyar Kano zuwa Zariya ta Kwanar Ɗangora, da wadda ta bi ta Tudun Wada da Doguwa zuwa Jos, akwai gidajen mai da dama. Kowane gidan mai yana da tankuna a binne cikin ƙasa. Tankin ƙarfe yakan yi tsatsa idan ya tsufa, bututunsa kuma yakan tsage. Sai mai ya riƙa yoyo a hankali, ba wanda ya gani.

Ina man yake tafiya?

Yana nutsewa cikin ƙasa har ya tarar da ruwan da rijiyoyinmu suke ja. Fetur ya fi ruwa rashin nauyi, don haka yakan kwanta a kansa, ya bi gangare zuwa rijiyar maƙwabta. A ƙasar Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, ruwan yana cikin marmara da tsagogin dutse, kuma da damina yakan taso kusa. Wannan ya sa rijiyar hannu ce take fara kamuwa.

A cikin fetur akwai wani sinadari mai suna benzin, wanda yake jawo sankarar jini idan an daɗe ana shansa. Tafasa ruwan ba ya mayar da shi abin sha, tururinsa ma illa ne. Tacewa da ƙyalle ko sa alam ba sa cire shi.

Darasi daga Ogale

A shekarar 2011, Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoton binciken da ta yi a ƙasar Ogoni a Jihar Ribas. A garin Ogale, kusa da bututun mai, ta sami tataccen mai da kaurinsa ya kai santimita 8 a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa. Benzin da ke rijiyoyin ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900, mutane kuwa suna sha. Rahoton ya ce gyaran Ogoni zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. A can bututu ne ya jawo, amma tanki ma ta haka yake ɓata ruwa.

Yaya ake gyarawa?

1. A tsayar da yoyon tukuna. A kwashe man, a tono tankin. Yasar rijiya aikin banza ne muddin tankin yana zuba.
2. A kwashe ƙasar da ta sha mai, a shanya ta a kan leda mai kauri nesa da ruwa, a gauraya da taki, a riƙa juyawa. Ƙananan halittun cikin ƙasa za su cinye man cikin watanni.
3. Masana su haƙa ramukan gwaji, su zuƙe man da ke kan ruwa, su tace sauran da gawayi na musamman.
4. A yi ta gwada ruwan a ɗakin bincike. Gushewar wari ba ita ce shaidar tsabta ba.

Abin da ya rage namu

Idan kun ji wari, ko kun ga maiƙo mai launi-launi a guga, ku daina sha da girki da shayar da dabbobi. Ku rufe rijiyar, ku gargaɗi yara. Kada kowa ya shiga ciki, kada a kusance ta da aci-balbal ko ashana. Ku sanar da mai unguwa da dagaci da duba-gari na ƙaramar hukuma, a rubuta takarda zuwa hukumar NOSDRA, wadda aka kafa a 2006 domin malalar mai. Ku ajiye kwafi. Wanda ya zubar da man shi doka ta ɗora wa gyara.

Masu sayar da mai a jarka da masu injin ban-ruwa, ku ma ku nisanta duro daga bakin rijiya.

Rijiya ɗaya Kirista da Musulmi suke sha, don haka tare za mu kai kuka. Ubangiji ya ba mu hikimar riƙon amanar ruwan da ya ba mu. Amin.