Fom ya dawo a cike? Dakata kafin ki sake turawa

Uwargida, in kin taɓa cike wa ɗanki fom ɗin neman makaranta a waya, kin san takaicin a ce akwai kuskure, fom ya dawo fayau.

Shafin da aka gina da kyau ba ya yi miki haka. Bayananki suna isa babbar kwamfutar da ke riƙe da shafin, wato saba, inda wata manhaja, sau da yawa ta PHP, ke duba su. In lambar NIN ba ta cika 11 ba, sai ta maido fom ɗin da duk abin da kika rubuta, ta nuna wurin gyara. In kuwa sabis ya ɗauke kafin su isa, kamar yadda aka saba a ƙauyukan Batsari da Safana, babu abin maidowa.

Hoton fasfo ba ya dawowa, kalmar sirri ma yawanci haka. Abin da ya fi damuna shi ne harafin da ya faɗi a sunan yaro: haka zai dawo, domin saba ba ta san sunan ɗanki ba. Tun 2021 JAMB ke neman NIN, gyaran suna daga baya kuma kuɗi ne da zirga-zirga. Ki ɗauko takardar NIN, ki gwada suna da ranar haihuwa harafi-harafi.