Bangon Gidanmu Ya Tsage: A Yaɓe Ko a Rushe?

Da zarar damina ta ja baya, sai gardama ta tashi a gidaje da dama na Hanwa da Samaru da Sabon Gari. Bangon ɗakin Kaka ya tsage, yaɓe ya kumbura yana zubowa. Baba na cewa a kira magini ya gyara, Yaya na cewa ginin ƙasa ya ci zamaninsa, a rushe a ɗora bulo. Wa ya fi gaskiya? Amsar tana jikin bangon, kuma ɗalibi mai lura zai iya gano ta.

Mu fara da yadda aka gina shi. Maginan Zazzau kan cuɗa jar ƙasa da ruwa da ciyawa, su mulmula tubali, su shanya a rana, sannan su jera da laka. Bayan nan sai yaɓe. Masu hali kan ƙara da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, don ta kare bango daga ruwan sama. Zafin rana ba ya saurin ratsa bango mai kauri irin wannan, shi ya sa ɗakin ƙasa ke da sanyi a watan Afrilu, ya kuma riƙe ɗumi da hunturu.

Yaɓe riga ce ga bango, yakan cinye a sabunta. A garin Djenne na ƙasar Mali, kowace shekara jama'a kan fito su yaɓe babban masallacinsu na ƙasa, wanda aka gina a 1907, kuma har yau yana tsaye.

Kuskuren da aka fi yi a unguwanninmu shi ne shafa filastar siminti a kan bangon ƙasa. Ƙasa tana shan danshi ta fitar, siminti kuwa yana tare shi. Da filastar ta ɗan tsage, ruwa zai shiga bayanta ya rasa mafita, ƙasa ta jiƙe a ɓoye alhali waje fes. Ku ƙwanƙwasa bangon da bayan cokali. In kun ji yana amo kamar ganga, filastar ta rabu da bango.

A Amurka da Ingila ma ana irin wannan gardama. Masu gyaran tsofaffin gidaje kan kankare filasta su kafa allunan jifsam, sinadarin da ake yin silin POP da shi a nan. Aikin yana da sauri, amma allon ma ba ya jure ruwa. Duk abin da aka rufe bango da shi, in ba a toshe hanyar ruwa ba, aikin baban giwa aka yi.

To, yaushe ake gyara? In tsagar siririya ce kamar gashi kuma a yaɓe kaɗai take, sai a kankare wurin, a yayyafa ruwa, a cike da irin ƙasar da aka yi ginin. Amma in yatsa na shiga, ko tsagar ta ratsa daga ciki har waje, ko bango ya karkata, ko gindinsa ya zaizaye, ko gara ta ci azara, kada kowa ya kwana a ɗakin sai magini ko injiniya ya duba. A nan rushewa ta fi alheri.

Zazzagawa sun san zafin wannan. Ranar Juma'a 11 ga Agusta, 2023, wani sashe na Masallacin Juma'a na birnin Zariya ya rufto kan masu sallar la'asar, aka rasa rayuka. Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina masallacin a shekarun 1830, zamanin Sarki Abdulkarimu. Mai Martaba Sarkin Zazzau Ahmad Nuhu Bamalli ya bayyana cewa an ga tsaga a bangon kwana guda kafin faruwar abin, ana shirin kawo injiniyoyi.

Ga aikin da za ku iya yi a wannan mako. Ku zagaya gida ku duba ko indararo na zuba a jikin bango, ko ruwan wanke-wanke na kwanciya a gindinsa. In kun ga tsaga, ku yi wa ƙarshenta alama da fensir, ku auna faɗinta da rula, ku rubuta kwanan wata. Bayan mako guda ku sake aunawa. In ta ƙaru, ku gaya wa Baba nan take, ku nuna masa abin da kuka rubuta. Wanda ya ji aikin ya kwanta masa a rai, ya sani ana koyar da zanen gine-gine a Jami'ar Ahmadu Bello da ke nan Samaru.