Sana'ar auna ruwa da sauti da matsalar kalmominta a Hausa: misalin kwarin Maggiya

0. Gabatarwa

Nijar ba ta da teku, don haka wani zai ɗauka cewa ilimin tafiyar sauti a cikin ruwa ba namu ba ne. A cikin wannan ɗan rubutu za mu nuna cewa sana'ar tana da wurin zama a jihar Tawa, kuma wanda zai shugabanci aikinta yana bukatar kalmomin Hausa kamar yadda yake bukatar na'ura.

1. Yadda na'urar take aiki

Sauti yana tafiyar mita 340 a sakan ɗaya cikin iska, amma kimanin mita 1500 cikin ruwa. Tun 1826 Colladon da Sturm suka auna wannan gudu a tabkin Janeba. A lokacin yaƙin duniya na farko, Paul Langevin ya ƙera a Faransa na'urar da ke aika sauti cikin ruwa, ta kuma saurari dawowarsa. Ita ce kakar abin da ake kira sona a yau.

Lissafin ba wuya. In sauti ya je ƙasan ruwa ya komo cikin kashi 1 bisa 100 na sakan, ya yi tafiyar mita 15 ke nan, zuwa da dawowa. Zurfin wurin mita 7 da rabi ne.

Mu masu nazarin harshe ba baƙi ba ne a nan. Na'urar zana hoton murya da aka ƙera a ɗakunan binciken Bell na Amurka a shekarun 1940, wadda masana furuci suka daɗe suna aiki da ita, ita aka gyara a farkon shekarun 1950 don sauraren jiragen ƙarƙashin teku. Ɗalibin da ya iya auna karin sama da karin ƙasa na Hausa ya riga ya san ma'anar yawan kaɗawar sauti. Bambancin shi ne, muryar namiji tana kaɗawa sau 100 da ƴan kai a sakan, na'urar auna zurfi kuwa takan kai sau 200.000.

2. Inda ake bukatarta

Madatsun ruwa na Mozage da Zongo, a kan Maggiya, su ke shayar da filayen noman rani na Birnin Ƙwanni. Madatsar Galmi, cikin gundumar Malbaza, ita ke shayar da nata filin. Kowace damina ruwa yana gangarowa daga tuddan Adar da laka da rairayi, su kwanta a gindin madatsa. Ido yana ganin ruwa ya cika, alhali ciki ya ragu. In aka raba filin shuka bisa tsohon lissafi, ruwa zai ƙare albasa ba ta ƙosa ba, manomi ya tashi da bashin iri da taki.

Magani shi ne a ɗora na'ura a kwalekwale, a ratsa ruwan layi-layi, ana haɗa kowane zurfi da wurinsa ta GPS, har a fitar da taswirar ƙasan madatsa.

3. Ma'aikata da shugabansu

Aikin yana son injiniyan ruwa, da mai awon ƙasa, da mai sarrafa kwamfuta, da matuƙin da ya san tabkin. Tushen karatun lissafi ne da fizik. Cibiyar AGRHYMET ta Yamai, wadda aka kafa a 1974, tana horar da ma'aikatan ilimin ruwa. Ƙwarewa kan taswirar ƙasan ruwa kuwa ana samunta a wurare irin su makarantar ENSTA ta Brest.

Nauyi biyu ke kan shugaba. Na farko, tabbatar da awo: gudun sauti yana canzawa da zafin ruwa, daga mita 1482 a digiri 20 zuwa kimanin 1509 a digiri 30, shi ya sa ake zura farantin ƙarfe zuwa sanannen zurfi a gwada na'ura kafin a fara. Na biyu, ya tsaya gaban ƙungiyar manoma ya ce a rage shuka, su kuma yarda. Wannan ba ya yiwuwa da faransanci.

4. Kalmomi

Kalmar da ta fi kusa ita ce amsa-kuwwa, sai dai tana nufin lasifika kuma; amsa-amo ma haka. In muka sa wa na'urar ɗaya daga cikinsu, manomi zai zaci ta shela ce. Aron sona ba laifi a aji, amma ba ya gaya wa kowa kome a bakin madatsa. Muna ba da shawarar ma'aunin zurfi, bisa tsarin ma-…-i na sunayen kayan aiki, kamar mabuɗi da masassabi, a bar amsa-kuwwa ga sautin da ke dawowa.

Haka nan ma'auni. Masu ginar rijiya da gaba suke ƙidaya, watau buɗin hannuwa biyu, kusan mita 2. Wanda aka ce masa laka ta cinye gaba guda a gindin madatsa ya fahimta nan take.

5. Kammalawa

Waɗannan shawarwari ne kawai, sai an gwada su. Muna kira ga ɗaliban da ke neman batun kundi su je Galmi da Ƙwanni, su ɗauki maganar masunta da masu rabon ruwa kan zurfi, laka da amo, kafin mu ƙirƙiro abin da wataƙila yana nan a bakinsu tuntuni.