Zafin Yola da atisaye: Yadda hutu ke ƙara wa ɗan wasa ƙarfi

A watannin Maris da Afrilu, zafin rana a Yola da Jimeta yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas. Cikin wannan yanayi matasan unguwanni irin su Alkalawa ke fita atisayen ƙwallon ƙafa, wasu da burin samun gurbi a ƙungiyar Adamawa United. Da yawansu na ganin cewa iya wahalarka iya ƙwarewarka, to amma jikin ɗan Adam yana da nasa lissafin.

Atisaye mai nauyi yakan cinye makamashin da tsoka ta tara, ya kuma bar mata ƙananan raunuka da ido ba ya gani. Gyaran yana zuwa ne bayan an tashi daga fili, ta hanyar barci da abinci da ruwa. Idan jiki ya samu isasshen lokaci, sai ya sake gina kansa har ya zarce yadda yake a da. Idan kuwa aka ɗora masa sabon nauyi kafin gyaran ya kammala, gajiya takan taru, gudu ya ragu, rauni ya biyo baya.

Bayan wasa na minti 90, tsoka na buƙatar awa 48 zuwa 72 kafin ta murmure. Zafi kuma ƙarin kaya ne, domin zuciya na aikin biyu: kai jini ga tsoka da kai shi ga fata don sanyaya jiki. Wanda gumi ya rage masa fiye da kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, ƙarfinsa yakan ja baya. Ganin haka ne hukumar FIFA ta ba da damar tsayar da wasa don shan ruwa a gasar cin kofin duniya ta 2014 a Brazil.

Jiki na iya sabawa da zafi cikin kwana 10 zuwa 14, muddin an ƙara nauyin atisaye sannu a hankali. Saboda haka ya kamata masu horarwa su mayar da atisaye mai tsanani zuwa bayan asuba ko dab da magariba, su kuma bi ranar wahala da ranar sauƙi.

Rashin barci, rashin sha'awar abinci da yawan bugun zuciya da sassafe alamu ne na cewa jiki bai farfaɗo ba. Ɗan wasan da ya ga haka ya sanar da kocinsa, a rage masa nauyi kafin rauni ya raba shi da fili.